Jigoro Kano: Ƙanƙanen yaron da ya tace faɗan kakanninsa ya fitar da judo

Idan kaka ta kammala a arewacin Kano, aka sare kara, aka kai damman gero da dawa rumbu, gonakin da ke manne da juna daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Tsanyawa, Kunci, Makoɗa da Ɗambatta sukan buɗe su zama fage. A nan ake auna ƙarfin samari tun zamanin kakanni. Dambe asalinsa wasan mahauta ne: a naɗe hannu ɗaya da zare, a miƙa ɗayan gaba ya zama garkuwa, kalangu na tashi, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Kokawa kuwa an fi saninta da manoma, wasa ce ta ƙugu da ƙafa da dogon numfashi, wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe ƙura.

Saurayin wannan zamani yana da zaɓin da kakansa bai sani ba. Wayar hannunsa tana nuna masa kareti da takwando da damben Turawa da judo, kowanne da masu yi masa kirari. Wanda ƙarfin jiki da lafiya yake nema, ba kambu ko kuɗin fage ba, sai ya rasa wanda zai kama. Kuskure a wannan zaɓi yana da tsada ga mutumin da hannunsa da bayansa su ne jarinsa, domin karaya ɗaya da bazara tana iya cinye masa damina sukutum.

Kusan shekara 150 da suka wuce, wani ɗalibi a birnin Tokyo na ƙasar Japan ya tsaya a gaban irin wannan tambaya, ya kuma shafe shekara 60 yana ba ta amsa. Sunansa Jigoro Kano. Sunan zuriyarsu ne ya zo ɗaya da na birnin Dabo a bakin mai faɗa, amma babu wata dangantaka a tsakani. Shi ne ya kafa judo, kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi wajen zaɓe da zubarwa yana da amfani ga duk mai neman wasan da zai gina masa jiki.

Ɗan masu hali, mai raunin jiki

An haifi Jigoro a ƙarshen shekarar 1860 a garin Mikage, kusa da birnin Kobe na yanzu. Masu wasan judo a duniya sun ɗauki 28 ga Oktoba a matsayin ranar haihuwarsa. Zuriyarsu masu dukiya ce, sana'arta dafa giyar shinkafa, amma mahaifinsa Jirosaku harkar jiragen ruwa da aikin hukuma ya bi. Jigoro shi ne ɗa namiji na uku. Mahaifiyarsa Sadako ta rasu yana ɗan shekara tara, daga nan mahaifin ya ɗauke shi zuwa Tokyo.

Ƙasar da ya tashi a cikinta tana cikin juyi. A 1868 mulkin sarakunan yaƙi ya faɗi, iko ya koma hannun Sarki Meiji, sabuwar gwamnati ta duƙufa wajen kwaikwayon Turai a soja da ilimi da sutura. A 1876 aka hana samurai, wato baraden Japan, rataya takobi a bainar jama'a. Duk abin da ya shafi tsohon zamani sai ya zama abin kunya, har da jujutsu, dabarun faɗa da hannu waɗanda barade suka gada ɗaruruwan shekaru. Malamansa da dama suka rasa abin yi. Wasu suka koma nuna wasa a dandali ana biyan kuɗin kallo, wasu suka kama wata sana'a.

Jigoro yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya yi fice a harshen Ingilishi tun yana yaro, amma jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ana ruwaito cewa a shekarun samartakarsa nauyinsa bai wuce kilo 41 ba, tsawonsa ko da ya girma bai haura mita 1.57 ba. A makarantar kwana manyan yara suka mayar da shi abin cin zali, hazaƙarsa kuma ta ƙara musu haushi. Wani aminin gidansu, Nakai Baisei, wanda ya taɓa zama dogarin tsohuwar gwamnati, ya nuna masa wasu 'yan dabaru da ƙaramin mutum zai iya kayar da babba da su. Da yaron ya nemi a koya masa sosai sai ya ƙi, yana ganin abu ne da zamani ya wuce. Mahaifinsa ma ra'ayinsa ke nan, ya fi son ɗansa ya kama wasannin zamani.

Neman malami a shagon maɗori

Ya gwada wasannin zamanin. Ya yi tsalle-tsallen motsa jiki irin na Turawa, ya tuƙa kwale-kwale, ya buga ƙwallon sanda ta Amurkawa. Babu wanda ya kashe masa ƙishi. Bayan ya shiga Jami'ar Tokyo a 1877 sai ya fara neman malamin jujutsu da kansa, ya kuma bi wata hanya da Bahaushe zai gane nan take. Ya ji cewa tsofaffin malaman faɗa sun koma ɗorin karaya da gyaran targaɗe, tun da wanda ya san yadda gaɓa ke gocewa shi ya san yadda ake mayar da ita. Ya riƙa bin shagunan maɗora ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har wani mai suna Yagi Teinosuke ya tura shi wurin Fukuda Hachinosuke, maɗori kuma malamin salon Tenjin Shin'yo, wanda ke koyarwa a wani ɗaki mai tabarma goma.

Koyarwar Fukuda ba ta da dogon bayani. Ɗalibi ya yi tambaya, amsarsa ita ce a sake fyaɗa shi da ƙasa har jikinsa ya gane. Jigoro ya sha ƙujewa da tsamin jiki, ya riƙa zuwa jami'a jikinsa duk filasta har abokai na tsokanarsa. Akwai wani babban ɗalibi, Fukushima Kanekichi, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kullum shi ke kayar da shi. Jigoro ya gwada dabarun sumo, kokawar gargajiyar Japan, ba su ci ba. Ya koma ɗakin karatu ya duba littafin kokawar Turawa, ya samo wata dabara ta saɓa mutum a kafaɗa a juye shi, ya gyara ta, ya kayar da Fukushima. Dabarar tana nan cikin judo da sunan kata-guruma. Tun daga wannan lokaci halinsa ya bayyana: ba ya tambayar daga gidan wa dabara ta fito, abin da yake dubawa shi ne ko tana aiki.

A watan Agusta na 1879 yana cikin waɗanda suka nuna jujutsu a gaban tsohon shugaban Amurka, Ulysses Grant, a gidan attajiri Shibusawa Eiichi. Ba a daɗe ba Fukuda ya rasu, iyalinsa suka damƙa wa Jigoro naɗaɗɗun takardun sirrin salon. Ya koma wurin Iso Masatomo, wani dattijon malami na wannan salo, shi ma ya rasu a 1881. Daga nan ya tsallaka wani gida daban, salon Kito, ƙarƙashin Iikubo Tsunetoshi.

Salo biyu a hannun mutum ɗaya

Wannan tsallakawa ce ta buɗe masa ido. Tenjin Shin'yo ya ƙware a shaƙe wuya, murɗe gaɓa, danne mutum a ƙasa da dukan wuraren da ke sumar da mutum. Kito kuwa ƙarfinsa a kayarwa yake, tsofaffin darussansa ma an tsara su ne don mayaƙa masu sanye da sulke. Kowane gida yana ɓoye sirrinsa, yana ganin nasa ne daidai. Jigoro da ya zauna a gidajen biyu ya ga kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa, ya kuma ga babu wanda ya iya faɗa masa ƙa'idar da ta sa dabara take ci yau, gobe ta ƙi.

Ya gano ƙa'idar ne a karawarsa da Iikubo. Malamin ya haura shekara 40 amma kullum shi ke kayar da saurayin. Jigoro ya zauna yana nazarin abin da ke faruwa kafin faɗuwa, ya lura cewa ba a kayar da mutum sai an fara kwance masa tsayuwa. A ja shi ko a tura shi har nauyinsa ya koma kan yatsun ƙafa ko diddige, a wannan ƙiftawar ido ƙaramin ƙarfi ya isa. Wannan shi ake kira kuzushi. Ranar da ya fara aiki da shi ya kayar da malaminsa har sau uku, Iikubo kuma ya karɓi abin da girma, ya ba shi shaidar kammala salon Kito a 1883. Duk ɗan kokawar da ya taɓa jan abokin karawarsa gaba don ya sa masa ƙafa ya san wannan a jikinsa. Abin da Jigoro ya ƙara shi ne ba shi suna, da mayar da shi darasin da za a iya koya wa kowa.

Akwai wani abu da ya lura da shi a kansa. Yaron da ya shiga ɗakin Fukuda mai saurin fushi ne. Bayan 'yan shekaru jikinsa ya murje, lafiyarsa ta inganta, zuciyarsa kuma ta yi sanyi. Ya shiga neman abin rama cin zali, ya fito da abin da yake ganin ya kamata a koya wa yaran ƙasa baki ɗaya.

Tabarma 12, ɗalibai 9

Ya kammala jami'a a 1881, inda ya karanta siyasa da tattalin arziki, ya kama koyarwa a Gakushuin, makarantar 'ya'yan sarauta. A 1882, bai cika shekara 22 ba, ya buɗe wurin horo a wani ɗaki na gidan ibadar mabiya Buda mai suna Eishoji. Faɗin ɗakin tabarma 12 ne, bai fi wani madaidaicin zaure ba, ɗalibansa na shekarar farko 9. Ya sa wa wurin suna Kodokan, wato gidan koyar da tafarki. Ya ajiye kalmar jujutsu, dabarar sassauci, ya ɗauki judo, tafarkin sassauci, don ya raba abin da yake koyarwa da sunan 'yan tasha da jujutsu ya yi a lokacin. Daga albashinsa da kuɗin fassarar da yake yi da dare yake ciyar da wurin.

A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin ƙwarewa na farko, abin da daga baya baƙar ɗamara ta zama alamarsa. Tsarin ɗamara da ake gani yau a kareti da takwando daga nan ya samo asali. A rabin ƙarshe na shekarun 1880 ɗaliban Kodokan suka kara da tsofaffin gidajen jujutsu a gasannin da rundunar 'yan sandan Tokyo ta shirya, suka yi suna, rundunar ta ɗauki wasunsu aikin koyarwa.

Abin da ya cire da abin da ya bari

Nasarar fage ba ta ishe shi ba, domin akwai hukuncin da ke gabansa. A 1883 Ma'aikatar Ilimi ta sa likitoci da malaman motsa jiki su binciki ko jujutsu da wasan takobi sun dace da makarantu. Rahoton da ya fito a 1884 ya yarda suna ƙara juriya da ƙarfin zuciya, amma ya ce suna da haɗari, suna iya gina wani sashe na jiki su bar wani, suna iya cusa wa yaro son faɗa, kuma da wuya a koya wa aji guda a lokaci ɗaya. Aka ƙi sa su cikin manhaja. Aikin Jigoro na shekarun da suka biyo baya amsa ce ga waɗannan dalilai, ɗaya bayan ɗaya.

Ya raba horo gida biyu. Na farko randori, karawar da kowa ke sakin ƙarfinsa ba tare da an tsara abin da zai faru ba. Na biyu kata, tsararren motsi da mutum biyu ke maimaitawa kowa ya san rawarsa. Duk dabarar da ba za a iya yin ta da cikakken ƙarfi ba sai an ji wa wani ciwo, kamar naushi, shuri, tsokane ido da dukan maƙogwaro, ya fitar da ita daga randori ya ajiye ta a kata. Murɗe yatsu ya fita daga gasa tun da wuri, murɗe gwiwa da matse ciki da ƙafafu suka bi baya a 1916, zuwa 1925 gwiwar hannu kaɗai aka bari, ita ma da sharaɗin wanda aka kama ya buga tabarma a sake shi nan take. Ya tsawaita hannun riga da ƙafar wando don su kare gwiwoyi daga ƙujewa. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga, kafin ya taɓa kowa, shi ne yadda zai faɗi: ya sunkuyar da haɓa, ya lanƙwasa baya, ya doki tabarma da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse.

Tsofaffin malamai sun ga kamar ya cire wa zaki haƙora. Lissafinsa daban ne. Mai dabarar kisa ba ya iya gwada ta a kan abokinsa, don haka bai taɓa sanin ko za ta ci ba ranar da ake bukata. Mai dabarar da ba ta raunata kowa yana yin ta sau ɗari a yini a kan mutumin da ke turjewa da gaske, gobe su dawo su sake. A ƙarshen shekara na biyun ya fi na farkon numfashi da ƙarfin ƙugu da sanin lokaci. A laccar da ya gabatar wa ƙungiyar malaman Japan a 1889 ya jera manufofin judo uku: gina jiki, iya kare kai, da gyaran hali. A wajensa jikin da ya ginu shi ne wanda kowace gaɓa ta samu rabonta, mai amfani a aikin yau da kullum. Tulin tsoka a hannu ɗaya bai cika wannan sharaɗi ba. Sai a 1911 gwamnati ta amince a koyar da judo a makarantun sakandare, shekara 27 bayan rahoton da ya rufe ƙofa.

Malamin makaranta kafin komai

Judo ba ita ce sana'ar da yake ci da ita ba. Ya je Turai a 1889 don nazarin tsarin ilimi, ya dawo a 1891, shekarar da ya auri Takezoe Sumako. Ya shugabanci babbar makaranta a Kumamoto, sannan ya riƙe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokyo fiye da shekara 20 a jimlace, har zuwa 1920. A can ya buɗe sashen horar da malaman motsa jiki, ya kuma matsa wa ɗalibai su yi gudun dogon zango da iyo. Dalilinsa mai sauƙi ne: gudu ba ya bukatar kuɗi ko kayan aiki, kuma mai rauni da mai ƙarfi duk suna iya yi. Ya kafa makarantar Kobun don ɗaliban ƙasar Sin, inda dubbai suka yi karatu, cikinsu har da shahararren marubuci Lu Xun.

A 1922 ya taƙaita tunaninsa a ƙa'idoji biyu. Ta farko, mutum ya yi amfani da ƙarfin jikinsa da na hankalinsa ta hanyar da ba a ɓarnatar da komai. Ta biyu, amfanin kai da na abokin zama su tafi tare, abin da Bahaushe ke kira cuɗe ni in cuɗe ka. A kan tabarma ma'anar a fili take: wanda ya karya abokin horonsa yau, gobe ba shi da wanda zai yi horo da shi.

Bai ɗauki judo a matsayin ƙarshen ilimi ba. A 1922 ya gayyaci Funakoshi Gichin, malamin kareti daga tsibirin Okinawa, ya nuna fasaharsa a Kodokan, abin da ya taimaka wa kareti ya samu gindin zama a Tokyo. A 1930 ya je ya kalli Ueshiba Morihei, wanda daga baya ya kafa aikido, ya tura masa ɗalibansa su koyo. Ya tsara wani jerin motsa jiki na gama-gari wanda mutum zai iya yin rabinsa shi kaɗai, ba tabarma ba riga ta musamman. A 1926 ya buɗe sashen mata a Kodokan, ya kuma gayyato Fukuda Keiko, jikar malaminsa na farko, wadda ta fara horo a 1935. Ta ci gaba da koyarwa a birnin San Francisco har kusa da rasuwarta a 2013 tana da shekara 99. Wani ɗalibinsa, Mifune Kyuzo, wanda shi ma ƙaramin jiki gare shi, yana karawa da samari ƙarti bayan ya haura shekara 60.

Olamfik da tafiyar ƙarshe

A 1909 Jigoro ya zama ɗan nahiyar Asiya na farko a Kwamitin Olamfik na Duniya. Ya kafa ƙungiyar wasanni ta Japan a 1911, ya jagoranci 'yan wasa biyu zuwa Stockholm a 1912, karon farko da ƙasarsa ta shiga gasar. Ɗayansu ɗalibinsa ne, Kanakuri Shiso, wanda zafi ya kayar a tsakiyar gudun fanfalaki. A wannan tsakani ɗalibansa sun bazu a duniya. Yamashita Yoshitsugu ya koya wa shugaban Amurka Theodore Roosevelt judo a 1904. Maeda Mitsuyo ya sauka a Birazil a 1914, daga koyarwarsa jujitsun Birazil ya tsiro. Vasili Oshchepkov ya kai ta Rasha, ta zama ɗaya daga tushen wasan sambo.

A 1936 ya taimaka aka ba Tokyo damar karɓar gasar 1940. Shekara guda bayan haka Japan ta afka wa ƙasar Sin da yaƙi, ƙasashe suka fara neman a ƙwace damar. A watan Maris na 1938, yana da shekara 77, ya je taron kwamitin a Alƙahira ta Masar ya kare matsayin Tokyo, aka bar mata. Ya biyo ta Amurka da Kanada, ya hau jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru daga Vancouver. Ciwon huhu ya kama shi a teku, ya rasu ranar 4 ga Mayu, 1938, saura kwana biyu jirgin ya isa Yokohama. A watan Yuli gwamnatin Japan da kanta ta mayar da gasar saboda yaƙi.

Abin da ya kuɓuce masa

Ba duk abin da ya shuka ne ya fito yadda ya so ba. Tun yana raye ya riƙa kokawa da yadda ɗalibai suka mayar da hankali ga cin gasa suka yi watsi da kata, bai kuma nuna ɗokin a sa judo cikin Olamfik ba. A 1931 gwamnati ta wajabta judo ko wasan takobi a makarantun sakandaren maza, a shekarun yaƙi aka mayar da su kayan cusa wa yara aƙidar soja. Saboda haka bayan faɗuwar Japan a 1945 sojojin mamaya suka hana su a makarantu, sai a 1950 judo ta dawo. Ta shiga Olamfik a Tokyo a 1964, inda Anton Geesink na ƙasar Holan ya doke Kaminaga Akio a ajin da ba a iyakance nauyi ba. A wannan gasa ce Nojim Maiyegun ya ciyo wa Najeriya lambarta ta farko a tarihin Olamfik, tagulla a damben Turawa.

Mafi ɗaci shi ne abin da wani malamin Jami'ar Nagoya, Uchida Ryo, ya tattaro daga bayanan makarantu: fiye da ɗalibai 100 sun mutu a horon judo a makarantun Japan tsakanin 1983 da 2011, da yawansu sababbin shiga ne da suka bugu a ka. Wasan da aka gina kan koyon faɗuwa ya kashe yara a hannun malaman da suka yi gaggawar kai su karawa, ko suka mayar da horo azaba. Sunan salo bai tsare kowa ba inda malami ya bar ƙa'ida.

A koma fage

Wasannin gargajiyar Hausa su ma suna kan irin hanyar da Jigoro ya bi. Akayau da wasu 'yan dambe kan ɗaura a ƙafa a da ba a ganinsa a manyan fagage yanzu. Dambe da kokawa da langa suna cikin Gasar Wasanni ta Ƙasa a Najeriya. A Nijar, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kokawa ta zama wasan ƙasa mai alƙalai da dokoki. Ɗan Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya ciyo azurfa a takwando a Olamfik ta 2016.

Saurayin Ɗambatta ko Bichi da ke neman ƙarfin jiki yana iya ɗora kowane wasa a kan ma'aunin Jigoro. Ya duba ko zai iya yin sa da dukan ƙarfinsa yau ya kuma fita gona gobe. Ya duba ko yana aiki da jiki duka, dama da hagu, sama da ƙasa. Ya duba ko dukan kai yana cikin horon kullum, domin ƙwaƙwalwa ba ta murjewa da bugu kamar yadda tafin hannu ke yin kanta da fartanya. Ya duba ko akwai malami kusa da shi wanda ke fara koyar da kariya da faɗuwa, yana haɗa sa'a da sa'a, yana tsayar da wasa idan wani ya jigata. Ya kuma duba ko akwai masu furfura da har yanzu suke yin sa.

A bisa wannan ma'auni, kokawar da ake yi a kan yashin rafi bayan girbi tana da maki mai yawa: ba naushi, ba kayan saye, jiki duka yana aiki, wanda aka kayar yana tashi. Dambe yana gina ƙafa da numfashi da ƙarfin zuciya, amma mai neman lafiya kaɗai zai fi cin riba a horonsa, wato gudu da tsalle da dukan buhu, fiye da shiga turmi. Kareti da takwando da judo kuwa darajarsu tana hannun malamin da aka samu. Jigoro da kansa sai da ya bi shagunan maɗora, ya zauna gaban malamai uku a gidaje biyu, kafin ya san abin da zai riƙe. Jirgin Hikawa Maru yana nan ɗaure a gaɓar Yokohama an mayar da shi gidan tarihi, Kodokan kuma tana buɗe a Tokyo, inda har yau sabon ɗalibi ke fara karatunsa da koyon faɗuwa.